Mai shukan da ke saman hasumiya: yadda ake karanta fadar mulkin jihar Nebraska

A birnin Lincoln, hedikwatar jihar Nebraska da ke tsakiyar Amurka, akwai wani manomi da ya haura shekara 90 a tsaye wuri guda. Ba takalmi a ƙafarsa, jakar iri na jikinsa, ya miƙa hannun dama zai yafa. Na tagulla ne, tsayinsa ya kusa mita 6, kuma tun watan Afrilun 1930 aka ɗora shi a kan ƙubbar da ta rufe hasumiyar fadar mulkin jihar, hasumiyar da ta tashi mita 122 daga ƙasa. A jihohin Amurka da dama, abin da aka saba ɗorawa a irin wannan wuri shi ne surar mace mai wakiltar ƴanci ko adalci ko nasara. Mutanen Nebraska suka ɗora mai shuka. Wanda ya gane dalilin haka ya kama bakin zaren ginin gaba ɗaya.

Kowace jiha daga cikin 50 na Amurka tana da ginin da majalisarta ke zama, yawancinsu kuma ana kiran su Kafitol, sunan da ya samo asali daga wani tudu a tsohon birnin Rum. Na Nebraska ya tara gwamna da majalisa da kotun ƙolin jiha a ƙarƙashin rufi ɗaya, shi ya sa na zaɓi in kira shi fadar mulki. Tun da aka kammala babbar ƙubbar majalisar tarayya a Washington a shekarun 1860, jihohi suka yi ta kwaikwayonta: dogayen ginshiƙai irin na Girka a gaba, fiffike biyu dama da hagu, ƙubba a tsakiya. In ka ga hoton ɗaya, kamar ka ga na goma ne.

Nebraska ma da farko hanyar ta bi. Ta zama jiha ranar 1 ga Maris 1867, aka ɗauke hedikwata daga Omaha zuwa wani ƙauye mai suna Lancaster, aka sauya masa suna zuwa Lincoln. Fadar farko an gina ta cikin gaggawa da dutse mara ƙwari, ba ta jima ba ta fara marmashewa. Ta biyu, wadda aka gama a 1888, ita ma tushenta ya riƙa nutsewa, bango na tsagewa. Sau biyu kenan kuɗin jama'a na tafiya a banza. Don haka da majalisa ta kafa hukumar gina ta uku a 1919, ta shiga aikin da taka-tsantsan irin na wanda maciji ya taɓa sara.

Abu mafi muhimmanci da hukumar ta yi, a ganina, shi ne ɗaukar wani mai zanen gine-gine na Omaha, Thomas Kimball, ya tsara mata gasa. Kimball bai gindaya wa masu gasar salo ba. Bai ce a yi ƙubba ba, bai ce a yi ginshiƙai ba. Abin da ya nema shi ne mai zanen gini ya zo da masassaƙi da mai zanen hoto da mai tsara fili su yi aiki tare tun daga tushe, kada a gama gini sannan a je neman mai ado. Aka kuma ɓoye sunayen masu gasar daga alƙalai uku da suka yi hukunci. Manyan kamfanonin zane na lokacin sun shiga, ciki har da McKim, Mead da White, da John Russell Pope. A 1920 alƙalan suka zaɓi zanen Bertram Grosvenor Goodhue na New York, mutumin da aka fi sani da gina majami'u.

Zanen nasa mai sauƙin faɗa ne. Ka shata murabba'i, kowane gefe kimanin mita 133, ka ja layi biyu da suka gitta juna a tsakiyarsa. Layukan su ne manyan hanyoyin cikin gini, gefen murabba'in ofisoshi, gurabe huɗun da suka rage kuma tsakar gida huɗu. A mahaɗar layukan sai hasumiya ta tashi. Tsakar gidan nan ba don kwalliya kawai aka yi su ba: a zamanin da babu na'urar sanyaya ɗaki, su ne ke kai haske da iska ofisoshin ciki. Ginin ƙasan kuwa a shimfiɗe yake, gajere, kamar ƙasar da yake zaune a kai. Nebraska fili ne fetal, sunan ma daga harshen ƙabilar Oto ya fito, ma'anarsa shimfiɗaɗɗen ruwa, wato kogin Platte. A irin wannan ƙasa, ƙubba mai faɗi ɓacewa take yi a idon matafiyi, amma hasumiya ana hango ta tun daga nisan kilomitoci masu yawa. Goodhue ya ɗauki ƙirar dogon bene mai ƙashin ƙarfe, wanda a lokacin na bankuna da kamfanonin New York da Chicago ne, ya mayar da shi gidan hukuma. Ita ce fadar jiha ta farko da ta yi haka. Louisiana ta biyo baya a 1932 da hasumiyar da ta fi ta tsayi, North Dakota a 1934, Florida a shekarun 1970.

Yadda aka biya kuɗin ma yana cikin labarin ginin. Kundin tsarin mulkin Nebraska ya taƙaita bashin da jiha za ta iya ci ƙwarai, don haka aka ɗora haraji na musamman a kan kadarori, ana tarawa ana ginawa. Ranar 15 ga Afrilu 1922 gwamna Samuel McKelvie ya buɗe aikin ta hanyar kama garma a bayan dawaki ya tsaga kunya. An fara da zagaye tsohuwar fadar da sabon gini, ma'aikata suka koma sababbin ofisoshi, sannan a 1925 aka rushe tsohuwar daga ciki, aka kafa hasumiya a gurbinta. Gwamnati ba ta kama hayar wani wuri na tsawon shekaru ba. Da aka kammala a 1932, duniya na cikin tsananin karyewar tattalin arziki, kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 10 ba, kuma babu bashin ko sisi a kai.

Goodhue bai ga ƙarshen aikin ba. Ya sha fama da zargin da injiniyan jiha ya yi masa a 1923 kan ingancin dutsen da ake kawowa daga Indiana, bincike ya wanke shi, sannan ya rasu a watan Afrilun 1924 yana da shekara 54. Abokan aikinsa suka ƙarasa.

Yanzu sai maganar sassaƙa, wadda ita ce ta sa nake ganin ginin ya cancanci dogon bayani.

Bari in fara da kalma. A Hausa muna da gunki, muna da mutum-mutumi. Gunki bauta masa ake yi. Abin da ke jikin wannan fada mutum-mutumi ne, an yi su don su tuna wa mai wucewa wani abu. Duk da haka mai karatu Musulmi zai ji nauyi in ya ji cewa cikin surorin akwai waɗanda aka ce na Annabi Musa ne da Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare su, ni ma ina jin wannan nauyin. Masu ginin sun tashi cikin al'adar da ta saba da surantawa. Ana iya fahimtar abin da suke nufi ba tare da an yarda da hanyar da suka bi ba.

A tsohon salon Turai, ana sassaƙa mutum-mutumi a wani wuri daban, a kawo shi a ajiye a kan rufi ko a cikin gurbin bango. In aka ɗauke shi, ginin na nan yadda yake. Goodhue da masassaƙinsa Lee Lawrie, wanda aka haifa a Jamus a 1877 ya tashi a Amurka, suka ƙi wannan. Surorinsu daga jikin ginin suke tsirowa. Ka dubi ginshiƙin da ya tokare hasumiya: daga ƙasa dutse ne sumul, kana ɗaga ido sai ka ga ya fara zama ninkin riga, sai ƙirji, sai kafaɗa, sai kai. Mutumin ba shi da ƙafafu, ginshiƙin ne ƙafafunsa. Ba yadda za a cire shi sai an rushe bango. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli zanen da maginan Zariya ko Kano ke fitarwa a fuskar soro tun yaɓe na ɗanye ya san bambancin ado da aka liƙa da adon da ya zama bangon kansa. Lawrie yana ƙera samfurin da yumɓu a ɗakin aikinsa, a zuba shi a filasta, a aiko Lincoln, sannan masassaƙan dutse, wanda aka fi ambato a cikinsu shi ne Alessandro Beretta, su hau dandamali da guduma da cizal su fitar da surar a jikin dutsen da aka riga aka gina. Kuskure ɗaya a can sama ba shi da gyara mai sauƙi.

To wa ya yanke shawarar abin da za a sassaƙa? Nan ne Nebraska ta yi abin da ba a saba gani ba: ta ba malamin falsafa aikin. Hartley Burr Alexander, haifaffen Lincoln, malami a Jami'ar Nebraska, an fara neman sa ne ya rubuta jimlolin da za a zana a bango. Kafin a ankara ya zama shi ke tsara maudu'in ginin duka, ciki da waje. Ya yi nazari mai zurfi a kan tatsuniyoyi da addinan ƴan asalin Amurka, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Akwai labarin da ke nuna irin tasirinsa. A zanen farko, ɓaunayen da za su tsare matakalar ƙofar arewa fukafukai gare su, irin bijiman fadar Assuriya ta dā. Alexander ya ce mutanen wannan fili ba su san ɓauna mai fiffike ba, a al'adarsu babu ita. Aka cire fukafukan.

Ƙofar arewa ita ce babbar ƙofa, daga nan karatun ke farawa. A bangaye biyun da suka saka matakala a tsakiya an sassaƙa ɓaunaye da masara, an rubuta sunayen ƙabilun da suka zauna a yankin, da baitoci daga waƙoƙin ibadar Pawnee da Sioux da Navajo. In ka hau, a saman ƙofa akwai allon dutse mai bayan zinariya: iyalin Turawa ƴan kama-wuri-zauna da keken shanunsu sun nufi yamma. Tare da shi akwai jimlar da ta fi kowace shahara a ginin, wadda Alexander da kansa ya rubuta. Ma'anarta ita ce tsirar ƙasa tana ga sa idon ɗan ƙasa. A can sama kuma surori huɗu sun tsiro daga bango, Hikima da Adalci da Iko da Jinƙai, an kira su masu gadin doka na kullum.

Ina son jimlar nan, ina kuma son inda aka sa ta. An rubuta ta a kan ƙofar da talaka ke bi ya shiga, tana ɗora masa nauyi. Gwamna da sanata da alƙali duk suna ciki, amma ginin bai ce su ne za su tsirar da jihar ba.

Daga nan sai ka zagaya. A jikin bangon waje akwai alluna 21 da ke ba da tarihin doka kamar yadda Alexander ya fahimce shi. Ya faro daga Bani Isra'ila: saukowa da dokoki daga dutsen Sina'i, shari'ar Debora, hukuncin Sulaiman. Ya wuce Girka, inda Solon ke ba Atina sabon tsarin mulki, ya shiga Rum da alluna goma sha biyun dokokinta da kafa kujerar wakilan talakawa, ya kai ga sarki Justinian da ya tattara dokokin Rum. Ya haura Ingila, inda marubuci John Milton ke kare ƴancin faɗar albarkacin baki, ɗan siyasa Edmund Burke kuma na kare Amurkawa a majalisa. A fuskar kudu, wajen kotun ƙoli, alluna uku ne da aka huda su har haske na ratsawa: yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, shelar ƴancin kan Amurka ta 1776, da rubuta kundin tsarin mulki a 1787. A gabas labarin ya iso gida: sayen yankin Louisiana daga Faransa a 1803, wanda ƙasar Nebraska ke cikinsa, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 wadda ta bar wa mazauna su zaɓi ko za a yi bauta a yankinsu har ta jawo zubar da jini, shelar ƴanta bayi ta shugaban ƙasa Abraham Lincoln, da shigar Nebraska tarayya. Can saman bangon kuma sunayen gundumomin jihar 93 ne suka zagaye ginin, ta yadda duk wanda ya zo daga karkara zai iya neman sunan garinsu.

A kudun dai akwai masu kafa doka goma da suka tsiro daga ginshiƙai, cikinsu har da Hammurabi na Babila, Akhenaten na Masar, Solon, Julius Kaisar, Charlemagne da Napoleon. A gindin hasumiya kuma mutum takwas, kowanne na wakiltar wani zamani: marubucin Masar Pentaour, Ezekiel, Socrates, Marcus Aurelius, Yohanna, sarki Louis na 9 na Faransa, Isaac Newton, sai Abraham Lincoln yana saurayi, ba gemu.

Wannan jeri yana da ƙarfi saboda kai ɗaya ne ya tsara shi. Ba taron kwamiti ba ne da kowa ke cusa gwaninsa. Kana bin bango kana jin hujja na hawa mataki-mataki: doka ba daga sama ta faɗo wa Nebraska ba, gado ce da aka yi shekaru dubbai ana tarawa, kowace al'umma ta ƙara nata. Amma wannan ƙarfin shi ne kuma rauninsa, domin abin da kan nan ɗaya bai gani ba, dutse ba zai taɓa faɗa ba. Hanyar da Alexander ya shata ta bi ta Masar da Babila da Ƙudus da Atina da Rum da Landan ta tsaya a Lincoln, kamar duk tarihin duniya nan ya nufa. A cikin mutum goma sha takwas ɗin nan babu malamin fiƙihu ko ɗaya, babu kowa daga Sin ko Indiya, babu mace. Wanda aka zaɓa ya wakilci zamanin jarumta, Louis na 9, shi ne ya jagoranci yaƙin ƴan Salibiyya zuwa Masar aka kama shi a 1250, ya sake fita ya mutu a kusa da Tunis a 1270. A Faransa waliyyi ne. A Masar maharin da aka ci da yaƙi ne. Akwai kuma allon limamin Sifaniya Las Casas yana roƙa wa ƴan asalin Amurka adalci, abin yabo ne da gaske, sai dai shi wannan malamin a farkon rayuwarsa ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbinsu, daga baya ya yi nadama a rubuce. Allon dutse yana iya ɗaukar roƙon, ba ya iya ɗaukar shawarar da nadamar.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne matakalar arewa. Alexander yana girmama ƴan asalin ƙasar, ba na shakkar wannan, kuma a shekarun 1920 kaɗan ne cikin Turawan Amurka za su sa addu'ar Pawnee a ƙofar gidan gwamnati. Amma dubi inda aka ajiye su: a ƙasa, a matakala, tare da ɓauna, wurin da ake takawa a wuce. Keken shanun baƙi yana sama da su. Tsarin yana cewa waɗannan su ne jiya, waɗancan su ne yau. Alhali lokacin da ake sassaƙa sunan Pawnee a dutsen, jikokinsu na raye a Oklahoma, inda aka kwashe su a shekarun 1870. Ponca ma an kore su a 1877. Dokar rabon gonaki ta 1862, wadda ta ba duk wanda ya zauna ya noma eka 160, ƙasarsu ta raba, kuma ɗaya daga cikin filayen farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashinta yana kusa da garin Beatrice a Nebraska. Ita ɓaunar da aka yi wa wannan kyakkyawar sassaƙa, daga miliyoyi aka karkashe ta har ta koma ƴan ɗaruruwa kafin ƙarshen shekarun 1880. Navajo kuwa, da aka ɗauko waƙarsu ta tafiya cikin kyau, mutanen kudu maso yamma ne, nesa da Nebraska. A alluna 21 na tarihin doka, ɗan asalin ƙasar ya fito ne a matsayin wanda ake roƙa wa adalci. Bai fito a matsayin mai dokar kansa ba.

Kuma akwai shari'ar da ta cancanci allo a wannan bango fiye da wasu da ke kai, a Nebraskan ma aka yi ta. Standing Bear, shugaba a ƙabilar Ponca, ɗansa ya rasu a ƙasar da aka kai su. Ya ɗauko gawar cikin sanyin hunturun 1879 don ya binne shi a ƙasar kakanninsa a bakin kogin Niobrara. Sojoji suka kama shi. A kotun tarayya da ke Omaha, ranar 12 ga Mayu 1879, alƙali Elmer Dundy ya yanke hukuncin cewa ɗan asalin ƙasar mutum ne a idon doka, yana da haƙƙin ya ƙalubalanci tsare shi. Sai da kotu ta zauna kafin a tabbatar da haka.

Cikin ginin aikin mace ne, Hildreth Meière, wadda take da shekara talatin da ƴan kai lokacin da Goodhue ya ba ta aikin. Ita ta zana adon da ake haɗawa da ƙananan gutsattsarin tayil da marmara a rufi da daɓe. A zauren shiga, rana ce a tsakiyar ƙubba da amfanin gonar jihar kewaye da ita. A babban zauren tsakiya, daɓen baƙi da fari ne: Uwa Ƙasa a tsakiya, ƙasa da ruwa da wuta da iska a gefenta, ga jerin halittun zamanin dā da aka kwaikwayo daga zanen masanin duwatsu na jami'ar jihar, Erwin Barbour. In ka ɗaga kai, kyawawan halaye takwas ne suka riƙe hannun juna a cikin ƙubba. Rufin kansa tayil ne da aka jera bisa fasahar kamfanin Guastavino, wato adon da abin da ke ɗauke da nauyi abu ɗaya ne, daidai da ƙa'idar da aka bi a waje. Lee Lawrie ne kuma ya zana ƙofofin zauren gabas masu launuka, da mace da namiji ƴan asalin ƙasar a tsaye a gefen bishiyar rayuwa.

Zauren nan na gabas yana da nasa labarin. An gina fadar da zaure biyu domin majalisa biyu, kamar kowace jiha. Shekara biyu kacal da gamawa, a 1934, masu zaɓe suka amince da kiran da Sanata George Norris ya daɗe yana yi na a koma majalisa ɗaya wadda ba a tsayawa takararta da tutar jam'iyya. Hujjarsa ita ce a kwamitin sasanta majalisu biyu ake ƙulle-ƙullen da jama'a ba sa gani. Daga 1937 majalisa ɗaya ke zama, a zauren yamma, yau da sanatoci 49, kuma Nebraska ce kaɗai jihar Amurka mai irin wannan tsari. Zauren gabas ya koma wurin taruka. Jimlar da ke kan ƙofa ta ce ɗan ƙasa ya sa ido, ƴan ƙasar kuma suka rage wuraren da ido ba ya kaiwa.

An bar gurabe da yawa a bangon ciki babu zane, saboda kuɗi da kuma lokaci, aka riƙa cike su a hankali bisa maudu'an da Alexander ya bari. Na babban zaure sun zo a shekarun 1950, na dogon zauren shiga a shekarun 1960, cikinsu har da aikin Jeanne Reynal kan guguwar ƙanƙarar 12 ga Janairu 1888 da ta rutsa da yara a makarantu. Na ɗakin tunawa da ke hawa na 14 sai a 1996. Gyaran dutsen waje, wanda ruwa da sanyi suka ci, ya ɗauki daga 1998 zuwa 2010. Maɓuɓɓugan ruwan tsakar gida huɗu da ke cikin tsarin asali ba a gina su ba sai 2017, shekarar da jihar ta cika 150.

Mutum-mutumi ɗaya ne a harabar da ya girmi ginin: Lincoln a tsaye, kai a sunkuye, a ƙofar yamma, da jawabin da ya yi a filin yaƙin Gettysburg rubuce a dutsen bayansa. Daniel Chester French ya ƙera shi, Henry Bacon ya tsara wurin, aka buɗe a 1912. Su biyun ne daga baya suka yi babban ɗakin tunawa da Lincoln na Washington. Tsohon salo ne, mutum daban, gini daban, kuma tsayawa a gabansa sannan a ɗaga kai a dubi saurayin Lincoln da ke tsirowa daga hasumiya ita ce hanya mafi sauƙi ta ganin abin da Goodhue da Lawrie suka sauya.

Mu koma kan mai shuka. A ƙarƙashin ƙubbar da yake tsaye, wadda aka lulluɓe da tayil mai ruwan zinariya, an zagaya da surar tsuntsun tsawa, wanda a al'adar mutanen filin shi ke kawo ruwan sama. Abin da ya taka kuma damin alkama ne da masara. Ruwa, hatsi, sannan mutum mai yafa iri da hannu, irin shukar da ta girmi garma da tarakta. Lawrie bai yi shi da kamannin wani gwamna ko janar ba, ba shi da suna. Yana fuskantar arewa maso yamma, inda mafi yawan ƙasar jihar take. Shi ne kuma ƙarfen da ke karɓar aradu a madadin ginin. Duk sarakuna da masana da ke jikin bango suna ƙasa da shi. A nan, a ganina, Alexander da abokansa sun faɗi gaskiyar da ba ta tsufa: doka da kotu da majalisa duk a kan abinci suke zaune, kuma wanda ya shuka shi ya fi cancantar wuri mafi tsayi.

Bangon waje ya riga ya cika, ba a ƙara masa komai. Abin da ya rage wa na baya shi ne hanyoyin ciki. A 1961 jihar ta kafa zauren fitattun mutanenta, inda ake ajiye surar kai da kafaɗa ta tagulla a gefen hanyoyin fadar, kuma George Norris aka fara sawa. Ƙa'idar yanzu ita ce sai mutum ya shekara 35 da rasuwa, kuma mutum ɗaya ake zaɓa duk shekara biyar. Ta wannan ƙofa Standing Bear ya shiga ginin, haka ma Susette La Flesche, ƴar ƙabilar Omaha da ta yi masa tafinta, da Red Cloud na Lakota. A 2017 aka kafa babban mutum-mutumin Standing Bear a titin da ya miƙe daga ƙofar arewa, a 2019 kuma jihar ta aika irinsa majalisar tarayya a Washington ya wakilce ta.

Na baya-bayan nan da ya shiga, mutum ne da masu karatu da yawa suka sani. An haifi Malcolm X a Omaha a 1925, iyayensa suka bar garin yana jariri bayan barazanar ƴan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe. Shi ne wanda ya yi aikin Hajji a 1964 ya zama Alhaji Malik El-Shabazz, ya biyo ta Najeriya a shekarar, ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. An sha gabatar da sunansa ana tsallake shi. A 2022 aka zaɓe shi, a 2024 aka buɗe surarsa a cikin fadar, baƙar fata na farko da ya shiga wannan zaure, shekara 92 bayan kammala ginin.